Rami na Shida

Kawuna ne ya koya mini zanen ƙarfe a kwamfuta, kuma ba cikin daɗin rai muka yi karatun ba, daga shi har ni. Na gama sakandare, sakamakon bai kai ni ko'ina ba, Inna ta gaji da ganina a tsakar gida ina neman wanda zan yi faɗa da shi, sai ta tura ni shagon wanta a Talata Mafara in riƙa buga wa mutane takardu. Shagon ɗaki ɗaya ne a bayan kasuwa. Firinta, fanka mai ƙara, benci, kujerarsa, da kwamfuta guda da sola ke riƙe da ita. Kawu ya yi shekaru yana gyaran injinan ban ruwa kafin gwiwoyinsa su gaza, daga nan ya koma zana wa makanikai da masu walda sassan da ba a samu a kasuwa. Su kai zanen inda ake yanka ƙarfe, a yanko musu.

Dokarsa ɗaya ce: cibiya tukuna. Kafin a ja da'ira, ko guntun da'ira a kusurwar wani ƙarfe, sai an san inda tsakiyarta take da inda aka auno ta. Ni kuwa daga gefe nake son aunawa, don gefe shi ne abin da ido ke gani, rula kuma tana zama a kansa.

"Gehen nan ya ci, an buge shi da guduma, tsatsa ta lashe shi," yakan ce. "Mi za ki auna a wurin?"

"Kawu, milimita ɗaya ce fa."

"To ki je ki faɗa ma injin milimita ɗaya ce. Ƙila ya ji tausayinki."

Manhajar da muke zane da ita tana da wani hali. Shafinta baƙi ne wuluk, layukan farare. Idan kibiyar maus ta matso kusa da tsakiyar wata da'ira, sai ta yi tsalle da kanta ta manne a wurin, ɗan zobe kore ya bayyana. Kawu yana kiran wannan kamu. Kibiya ba ta kama inda babu komai. Wannan shi ne abu na farko da na haddace.

Akwai abin da yake yi mini da ke ba ni haushi. Zai ba ni aiki, in gama, in ce na gama. Ba zai ɗauki rula ba, ba zai duba lissafina ba. Sai ya jawo kujera, ya ɗora hannunsa a kan nawa bisa maus, ya tura shi kaɗan haka, ya dubi fuskar kwamfuta, ya ce ko "ya yi" ko "sake". Hannunsa kullum warin man zafi yake, wanda yake shafa wa gwiwa. Na sha tambayarsa yadda yake ganewa. Bai taɓa ba ni amsa ba.

Da ciwo ya kwantar da shi, aka mai da shi gida Maradun. Ya ba ni makullin shago, ya ce kada in bari kowa ya taɓa kwamfutar. Ban bari ba. Wata biyu ya yi a kwance, bai sake taka Mafara ba. Ranar da aka kai shi makwancinsa ina cikin gida tare da mata, ban yi kuka sosai ba, har wata gwaggo ta yi gulmata a kan haka. Bayan sadakar bakwai na dawo na buɗe shago. Na ci gaba da buga takardu. Kujerarsa na ture ta jikin bango, tabaransa na sa a aljihun tebur, hularsa kuwa na bar ta a ƙusar da take, don ban san inda zan kai ta ba.

Sati uku bayan haka, ranar wata Talata da hantsi, Baba ya shigo da buhu a kafaɗa.

Babana manomi ne. Yana noman rani a fadama wajen Bakura, kuma shekarar nan shinkafa ya zuba gaba ɗaya. Injin ban ruwansa tsoho ne, ya girme ni, irin wanda ba a kawo kayansa yanzu. Ya sauke buhun, ya zazzage a kan tebur. Gutsure biyu na baƙin ƙarfe, da gani akwai na uku da babu. Murfin gaban injin ne, mai faɗin faifai, da babban rami a tsakiya inda ruwa ke shiga, da ƙananan ramuka kewaye inda ƙusoshi shida masu zare ke fitowa daga jikin injin a ɗaure su da noti.

"Ina na ukun?" na ce.

"Ya faɗa ruwa. Mun lalube taɓo har munka gaji."

"Kwana nawa?"

"Yau huɗu shinkafar ba ta sha ba." Ya zauna a benci. "Kuma ta yi ciki."

Ba sai an yi mini bayani ba. Shinkafa in ta yi ciki ta rasa ruwa, kai zai fito amma ba ƙwaya, sai ƙaiƙayi. Abincin gidanmu na shekara ke nan tsaye a cikin rana.

An riga an shirya komai kafin a zo wurina. Baba ya samo farantin ƙarfe mai kauri guda ɗaya a wajen masu gwangwan. Ɗan Kawu, taubashina, direba ne, yana lodin Sakkwato duk ranar kasuwa. Shi zai ɗauki farantin da zanen ya kai wa wani mai injin yankan ƙarfe, ya tsaya a kansa, don mutumin ba ya aiki sai an tsaya a kansa, ya dawo da shi ranar Alhamis. Zai tashi da an sallame azahar, saboda ba wanda ke son yamma ta same shi a hanya. Faranti ɗaya, tafiya ɗaya. In aka yanka ba daidai ba, kafin a sake wani zagayen shinkafa ta gama mutuwa.

"Kawunki ya taɓa zuwa ya duba shi, tun da ya fara tsagewa," in ji Baba. "Da takarda ya zo, ya shafa baƙin mai a jikin injin ya manna. Ko ya bar wani abu?"

Na duba. Akwai fayil mai suna famfon Bakura. Na buɗe. Da'ira biyu ne kawai a ciki, gefen murfin da babban ramin tsakiya, cibiyarsu ɗaya. Ba ramukan ƙusa. Na ji wani ɗan haushi, na ce a raina ya fara bai gama ba, ya bar mini.

Amma aikin ba wuya. Na haɗa gutsuren biyu a bakin tsagar. Ramuka huɗu suka rage, na ɗaya zuwa na huɗu. Na auna daga na ɗaya zuwa na huɗu, da yake suna fuskantar juna, na raba biyu. Abin da ya rage shi ne in kama cibiya, in ja zoben da ramukan za su zauna a kai, in zana rami ɗaya, in ce wa kwamfuta ta jera shida kewaye, digiri sittin-sittin. Minti goma. Na ce wa Baba ya je ya sha iska a ƙofa, ya bar tsaya mini a ka.

Na kai kibiya tsakiya. Kafin ta isa, sai ta yi tsalle ta kama wani wuri. Ɗan koren zoben ya fito kusa da cibiyar, ɗan dama kaɗan, ɗan sama kaɗan. Na janye, na dawo. Ta sake kamawa a nan.

Na kusanto wurin har layukan suka fita daga fuskar kwamfuta. Baƙi ne kawai. Ba ɗigo, ba layi. Na zagaya da kibiya a hankali cikin baƙin, tana tafiya sumul, sai ta zo daidai wurin ta fizge ta tsaya. Na auna tsakaninsa da cibiyar gaskiya. Milimita huɗu.

Na goge ƙasan maus da bakin hijabina. Na kashe kwamfutar na kunna. Yana nan.

Ni ba mai tsoro ba ce, kowa a gidanmu zai shaida. Amma zan faɗi abin da na ji. Fizgar nan ba ta da bambanci da yadda Kawu ke tura hannuna. Daidai wannan ɗan nisan, daidai wannan gefen. Kwamfutar ta yi zafi, warin man zafi ya fara tasowa daga jikin maus, inda yatsansa ya cinye fentin ya bar wuri mai sheƙi. Na san man ya daɗe da shiga robar, zafi ne ke fito da shi. Na sani. Duk da haka na waiga na dubi kujerar da ke jikin bango. Lotsawar zamansa tana nan a katifar. A waje ana ta cinikin albasa, wani na kiran mai baro, amma sai na ji hayaniyar kamar daga wani gari take zuwa.

Na kashe kamun gaba ɗaya. Akwai maɓallin da ke yin haka. Na buga lambobin cibiyar da hannuna, na ja zobena, na jera ramuka shida, na fitar da zanen a girmansa na gaskiya a takarda biyu, na manne su da salatif. Na shimfiɗa a tebur na ɗora gutsuren a kai.

In na daidaita babban ramin, ƙananan huɗun duk sai su kauce gefe guda, layin zanena ya leƙo ta cikin kowanne kamar jinjirin wata. In na daidaita ƙananan, babban ya kauce. Na ce firinta ce. Na sake fitarwa. Haka dai.

A nan taubashina ya leƙo, da makullin mota a yatsa da goro a baki.

"Injiniya, an gama ko in tahi in bar ki da ƙarhenki?"

"Ka je ka ƙirga fasinjanka."

"Na ƙirga. Saura ke. Wai matar da zan aura ke nan, ko zobe ba ta iya zanawa."

"Allah ya kiyashe ni da mai warin fetur."

Ya yi dariya ya shigo, sai idonsa ya faɗa kan hular ubansa. Dariyar ta tsaya. Ya juya mata baya ya dubi takardar.

"Mi ya faru?"

"Milimita huɗu."

"Shi ke nan? Ai ko ƙwayar masara ta fi haka. Ba ni in tahi."

Abin da na so ji ke nan, kuma da daga bakina ya fito da na yarda. Amma na san abin da ke bayan babban ramin. Farfelar injin ce, tana juyawa dab da bakinsa. In ramin ya kauce, ko ta ci ƙarfen ko injin ya ja iska maimakon ruwa. Na ɗauki rula na auna daga gefen murfin zuwa rami na ɗaya, sannan zuwa na huɗu. Ba ɗaya ba ne. Tun farko idona ya ga haka, na ce tsatsa ce.

Na jawo kujerar Kawu daga jikin bango na zauna a kai. Ban san dalili ba, bencin dai Baba ya fita da shi. Na mai da kamun. Na saki hannuna, na bar kibiya ta je inda take so. Ta je. Daga nan na ja zoben, na jera ramukan, na fitar, na manne, na ɗora ƙarfen.

Babban rami ya zauna. Ƙananan huɗu suka zauna, farar takarda tas a cikin kowanne, ba ko alamar layi.

"To, alhamdu lillahi," in ji taubashina. "Sa a filash."

Da na sa a lokacin da ban ga sauran ba. Amma na ce bari in bi ramukan ɗaya bayan ɗaya in tabbatar, yadda aka koya mini. Na ɗaya, kibiya ta kama tsakiyarsa. Na biyu, na uku, na huɗu. Na biyar, wanda ke cikin gutsuren da ya ɓata, ta kama daidai. Na je na shida. Ta kama tsakiyar ramina, na matsa kaɗan, sai ta sake tsalle ta kama wani wuri a gefensa, cikin baƙi. Milimita tara daga inda lissafi ya ce.

Wannan karon ba ni da ƙarfen da zan ɗora in gwada. Yana ƙarƙashin taɓo a Bakura.

Na kira Baba. Na tambaye shi ko ƙusoshin shida duk a jere suke daidai.

Ya ce, "Akwai guda da ta taɓa karyewa. Mai walda na Janbako ya zo ya sa wata."

"A ramin da take ya mai da ta, ko gefe ya huda?"

"Ni ina can ina gyaran kwalbati. Na dawo na iske ya ɗaure."

"Wacce ce a ciki?"

"Ta wajen ƙasa, ina ji. Ko ta gehe."

"Baba, shida ne. Duk ko ƙasa ne ko gehe."

Na ji kunyar yadda na yi maganar. A fadamar ba sabis, ba wanda za a kira ya auna. Zuwa da dawowa a babur ya fi awa biyu. Ladan ya riga ya fara gyaran murya a lasifika.

"Ki huda duka biyun mana," in ji taubashina.

"Za su haɗe su zama baki guda. Noti ba zai sami wurin zama ba, iska ta shiga."

"To zaɓi ɗaya. Ni dai in anka sallame na tahi."

Suka fita masallaci suka bar ni. Na zauna ina kallon ramin da na zana, fari, a inda kowane littafi zai ce ya zauna, da kuma baƙin da ke gefensa. Na kai kibiya, koren zobe ya fito. Na janye, ya ɓace. Na yi haka ya fi sau goma. Fanka ta ɗauke, don firinta ta shanye batir, ɗakin ya yi tsit, zufa na bin bayana. Na tuna cewa Kawu da ciwo a jikinsa ya yi zanen, ƙila hannunsa ne ya goce. Na kuma tuna cewa ban taɓa kama shi da kuskuren ko rabin milimita ba, kuma Allah ya sani na nema.

Na ce a fili, ni kaɗai a ɗaki, "In ba daidai ba ne, kai ka ja." Na ɗauke ramin na shida na kai shi inda kibiya ta kama.

Laraba ban buga wa kowa takarda da kyau ba. Wata mata ta kawo wasiƙar neman aiki na juya mata suna, ta zage ni, na rama.

Ranar Alhamis da la'asar muka isa fadama, ni a bayan babur ɗin Baba da murfin a cinyata, naɗe cikin buhu. Shinkafar ta fara naɗe ganye, ƙasa ta tsage har ana iya sa yatsa. Injin yana bakin ruwa da ƙusoshinsa shida a tsaye. Ban tsaya aunawa ba. Na durƙusa, na ɗaga murfin, na juya shi har rami na ɗaya ya fuskanci ƙusarsa, na tura.

Ya shige gaba ɗaya, ya bugi jikin injin da ƙara guda.

Sai a lokacin na duba ƙusa ta shida. Sabuwa ce, ta fi sauran haske, kuma a gefenta ga guntun tsohuwar da ta karye, an cike shi da walda an goge.

Baba ya zare murfin ya sa robar da ke hana iska shiga, ya mai da shi, ya ɗaure notuna, ya cika bututu da ruwa, ya ja igiya. A ja na uku injin ya tashi. Ruwa ya yi tari sau biyu a bakin bututun sannan ya ɓarke, ja da taɓo, ya bi kwalbati. Baba ya bi shi da fartanya yana buɗe masa hanya. Na zauna a kan kunya ina jin yadda ƙasa ke tsotsa.

Da ya dawo wanke hannu na ce, "Baba, yaushe mai waldan nan ya sa ƙusar?"

"Ai ba a daɗe ba. Ranar da munka dawo daga duba kawunki karo na biyu, washegari ta karye."

"Yana Maradun ke nan."

"Yana kwance. Lokacin ko magana sai an kai kunne."

"Ka faɗa mishi?"

"In faɗa ma mara lahiya zancen ƙusa?"

Washegari na buɗe fayil ɗin na yi abin da ya kamata in yi tun ranar Talata, da gaggawa da tsoro sun bar ni. Na ce wa kwamfuta ta zaɓo duk abin da ke shafin. Sai ga su sun fito da ɗige-ɗige: babban zobe ɗaya da ƙananan da'ira shida, an zana su da baƙin launi a kan baƙin shafi. Na buɗe tsofaffin ayyukan da ya riƙa ba ni. Kowanne da nasa baƙin zanen a ɓoye. Ashe amsar yake fara zanawa, ya rufe ta, in ya ɗora hannunsa a kan nawa yana jin ko kibiya za ta kama wuri ɗaya ko biyu. Shekara biyu yana yi mini haka. Na yi dariya, daga nan kukan da gwaggo ta nema ya zo, a shago, da rana tsaka, har mai albasa ya leƙo ya koma.

Wannan ya warware mini cibiyar. Ya je da takardarsa da baƙin mai, ya ga abin da ban gani ba. Bai warware mini rami na shida ba. Lokacin da ya manna takardar, tsohuwar ƙusa tana wurinta. Lokacin da aka huda sabuwar, yana Maradun, makulli yana cikin jakata, kuma ba wanda ya zauna gaban kwamfutar nan sai ni.

Taubashina ya ce ƙila mai waldan ya taɓa shawara da shi tun da can, ya ce masa in ta karye ga inda za a huda. Zai yiwu. Mutumin yana nan Janbako, ranar kasuwa ma yakan shigo Mafara, na sha ganinsa ya wuce ta ƙofar shago da silindar gas a bayan babur. Ban tsayar da shi ba.

Shinkafar ta yi, ban da gefen da ya fi nisa da kwalbati, wanda ya fito fari ba ƙwaya. Har yanzu ni ke zane a shagon, a kujerarsa. Duk sabon shafin da na buɗe, kafin in ja layi ko ɗaya, sai na ce wa kwamfuta ta zaɓo duk abin da ke ciki. Takan ce babu komai. Sannan in zagaya da kibiya cikin baƙin, a hankali, kusurwa zuwa kusurwa, hannuna a sake.